Ba Wanda Ya Ce wa Babanki Ya Cire Takalmi

Gwandu,
Jihar Kebbi.

Zuwa ga ɗiyata Uwani,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki kin sauka Kalgo lafiya, kin iske Gwaggonki Asabe da mutanen gidanta kalau. Allah Ya tsare ki a hanya da masauki, Ya kare ki daga sharrin abin da ido ke gani da wanda ba ya gani, Ya sa aikin asibitin da za ki fara ya zame miki alheri duniya da lahira.

Na cusa takardar a ƙasan jakarki, ƙarƙashin fararen kayan aikinki, don kada ki gan ta sai kin isa. Ke ce ta fari, kuma kin san yadda aka rene ni. Ko sunanki na yanka ban taɓa faɗa ba, balle in zaunar da ke mu yi doguwar magana ido da ido. Shekarun da na yi ina koyar da yara a firamare sun sa hannuna ya fi bakina iya magana, don haka ki yi haƙuri da tsawonta.

Shekaranjiya kina ninke kaya na ji kina ba ƙanwarki labari, wai asibitin da aka tura ki ya yi suna, ranar masu ciwon suga benci ba ya isa, kuma ke za a ba riƙon ranar. Kika ce duk ƙarshen wata ana aika yawan mutanen da aka duba zuwa sama, kuma nasu ne kullum a gaba. Murna kike yi. Ni ina tankaɗe a tsakar gida, sai na ajiye rariya na shige ɗaki. Kin ɗauka hayaƙi ne ya shige mini ido. Babanki na tuna. Akwai abubuwa game da ciwonsa da ba ki sani ba, kuma ba na so ki zauna kan waccan kujera ba ki san su ba.

Lokacin da ciwon ya fara kina makarantar kwana, sai da hutu kike ganinsa, ko da hutun ma yakan gyara miki fuska. Kin san shi da aiki. Shinkafa da damina, albasa da rani, ranar kasuwa ya ɗaure buhuna a bayan mashin ya nufi Kambaza. Ƙishirwa ce ta fara zuwa. Randar da muke sha mu duka, shi kaɗai yakan kai ta rabi kafin azahar. Sai yawan zagawa. Sai na lura kiyashi sun yi layi a makewayi. Wandunansa suka yi masa yawa, kullum yana ƙara jan mazagi. Wasu suka ce sammu ne, wasu suka ce shawara ce, aka yi ta jiƙa masa saiwoyi. Daga baya wani abokin cinikinsa ya matsa masa ya je a ɗiga jininsa a na'ura. Aka ce ciwon suga ne.

Asibitin da ya riƙa zuwa ƙarami ne, ba sai na faɗa miki sunansa ba, don ba shi kaɗai ne haka ba. Mai duba masu suga a wurin wani ma'aikaci ne, Malam Sahabi. Ba likita ba ne, amma duk Likita muke ce masa. Mutum ne mai ladabi, yana russunawa ya gaida dattawa, yana tambayar Babanki yadda albasa ta yi. Sai ya tsira masa allura a yatsa, ya ɗiga jinin, ya karanta lamba, ya ce, "Baba, suga ya sauka, madalla." Ya ba shi ƙwayoyi, ya ce sai wata mai zuwa. Kafin mutum ya shanye kofin kunu an gama.

Da a lokacin wani ya tambaye ni ko asibitin nan yana da kyau, da na ce babu kamarsa. Ba a yi wa mutum tsawa, ba a cika cewa magani ya ƙare ba, ga lamba kullum tana faranta rai. Iyakar abin da muka san ana auna asibiti da shi ke nan, ni da Babanki da duk waɗanda ke zaune kan bencin. Uwani, ki yi wa mutane fara'a, hakkinsu ne. Amma kada godiyarsu ta zame miki shaidar cewa aikinki ya yi. Mutanenmu sukan yi ta sa wa mutum albarka don kawai ya tuna sunansu. Ba su san abin da ya kamata a yi musu ba, saboda haka ba su san abin da aka bari ba. Ke kin sani, an koya miki.

Ita lambar ma akwai labarinta. Duk ranar jajiberin zuwa asibiti Babanki ba ya cin tuwo. Sai ya ce in kwaɗa masa zogale ko rama, ya ci kaɗan, ya sha ruwa. Da safe ya tafi da cikinsa wayam. In ya fito, sai ya tsaya wurin mai fura ya rama abin da ya rasa, ya sayo rake ya taho yana sha a hanya. Na taɓa tambayarsa dalili. Ya ce, "Yaron nan yana ƙoƙari da ni. In lamba ta hau sai fuskarsa ta canja. Ba ni son in ba shi kunya."

Ba yaudara ya yi nufi ba. Kara ce irin tamu. Za ki haɗu da irinsa da yawa, dattawa masu son su faranta miki rai fiye da yadda suke son kansu. Lambar safiya ɗaya ba ta faɗin yadda mutum ya wuni sauran kwanakin wata. Ki tambaye shi abin da ya ci ranar kasuwa, da ranar suna, da ranar da ya wuni a gona. Ki tambayi matar da ke dafa masa. In lamba ta hau kada ki ɓata fuska, don in kika ɓata sau ɗaya ba za ki sake ganin lambar gaskiya ba. Kuma ki tura su gwajin nan mai nuna yadda suga ya kasance wata uku baya, ko da sai sun shiga mota zuwa Birnin Kebbi. Babanki ya yi shekaru yana zuwa, bai taɓa jin akwai shi ba.

Wata rana Malam Sahabi ya aiko har gida. Ya ce manya za su zo duba aiki, yana so Babanki ya zo ko da ba ranarsa ba ce, tunda shi ne bai taɓa fashi ba. Aka ce a zo da iyali, na bi shi. Ya sa farar shaddarsa, ya sa safa da takalmi sau-ciki wanda ya saya da Sallah. Manyan suka zo cikin farar mota. Suka ƙirga mutanen da ke kan benci, suka buɗe kabad ɗin magani suka leƙa, suka ɗaga na'urar awo suka juya ta. Ɗaya daga cikinsu, wani mai jiki da tabarau, ya tsaya gaban Babanki.

"Baba, ana kula da ku a nan?"

"Ƙwarai kuwa, ranka ya daɗe. Ko ɗan cikina iyakar abin da zai yi mini ke nan."

Aka tafa masa, aka ɗauke shi hoto da waya. Ranar ya yi farin ciki kamar an naɗa shi sarauta. A hanyar dawowa muna tafe a ƙasa, sai ya ce mini, "Kin san wani abu? Takalmin nan dā matsa ni yake yi. Yau ko kaɗan ban ji shi ba, kamar ba a ƙafata yake ba." Na yi dariya, na ce fatar ce ta saki. Shi ma ya yi dariya. Duk taron nan, da manya da ƙanana, da masu tabarau da masu waya, ba wanda ya ce masa ya cire takalmi.

Bayan an cire albasa a shekarar, wata rana ya dawo daga Kambaza da la'asar. Ya zauna kan kujera 'yar tsugunno zai yi alwala, na kawo masa buta. Sai na ji ƙauri, irin na babbakar kan rago. Na waiga madafi, ba abin da ke kan wuta. Da ya naɗe ƙafar wando sai na gani. Wajen idon sawunsa na dama fata ta saɓule, wurin ya yi fari fat. Ashe mashin ya so kayar da shi cikin yashi, ya tokare, ƙafar ta manne da salansar mashin mai zafi.

Na ce, "Malam, mi ya sami ƙafarka?"

Ya ce, "Wace?"

Ta hagu ya fara dubawa. Da ya ga wurin, ya sa yatsa ya danna, ya sake dannawa, ya ɗago ya dube ni. "Ba ni jin komi. Allah Ya taƙaita ke nan."

Mu duka biyu muka ɗauka rashin zafin nan rahama ce. Ke kin karanta, kin san ciwon ne ya riga ya kashe jijiyoyin. Saboda haka duk wanda ya zauna gabanki, ki sa ya cire takalmi. Ki duba tafin ƙafa, ki buɗe tsakanin yatsu, ki taɓa da hannunki. Mata za su zo miki da lalle ya rufe komai, ki sa ido sosai. Dattawa maza za su ji nauyin miƙa wa yarinya ƙafa, wani zai ce daga gona yake, wani zai ce bai wanke ba. Ki ce masa, "Baba, ni ɗiyarka ce," ki jawo ruwa. Za ki ji warin da zai hana ki cin abinci. Kada ya ga haka a fuskarki.

Malam Sahabi ya wanke ƙunar, ya shafa shuɗin magani, ya naɗe da bandeji. Ya tsira yatsa kamar kullum, lamba ta yi kyau kamar kullum, don Babanki bai fasa kwaɗon jajiberi ba. Ciwon ya ƙi rufewa. Damina ta faɗi, ga shinkafa tana jiran dashe, sai ya riƙa ɗaura leda a ƙafar ya shiga ruwa. Ba wanda ya ce masa kada ya shiga. Gefen ciwon ya fara baƙi. Ƙudaje suka riƙa binsa. Mutumin da ba ya barin sahun gaba a masallaci ya koma sahun baya, daga nan ya koma yin salla a zaure shi kaɗai, don ya ga na kusa da shi yana kawar da kai. Ƙannenki suka daina rige-rigen zama kusa da shi wurin cin abinci. Ya lura.

Yayansa, Baffanki Umaru, shi ya ɗauki mota muka tafi babban asibiti a Birnin Kebbi. Wata likita ce ta gan mu, mutuniyar ƙasar Zuru, sunanta Rifkatu. Ta jawo 'yar kujera ta zauna ƙasa da shi, ta kwance bandejin da kanta. Ta daɗe tana dubawa. Sai ta ajiye wannan ƙafar ta ɗauki ta hagu, mai lafiyar. Ta fito da wani siririn zare mai tauri, kamar na kamun kifi, ta ce ya rufe ido, duk lokacin da ya ji an taɓa shi ya faɗa. Ina tsaye ina kallo. Ta taɓa babban yatsa. Ta taɓa ƙarƙashin yatsu, ta taɓa tsakiya, ta taɓa dunduniya. Babanki yana zaune ido rufe, ya natsu yana jira. Can ya ce, "Likita, kin fara?"

Ta ajiye zaren.

"Baba, yaushe rabon da a leƙa cikin idonka da fitila?"

"Idona lafiyarsa lau."

"An taɓa karɓar fitsarinka don a duba ƙoda?"

"A'a."

"Hawan jini fa, ana auna maka?"

"Abin awon ya lalace tun bara."

Ta tambayi gwajin wata uku, ya dube ni, na dube shi. Sai ransa ya ɓaci. Ya ce, "Likita, ni fa ban taɓa fashi ba. Ko ana ruwa sai na je. Har manya sun tafa mini."

Ta ce, "Na yarda, Baba. Kai ka yi naka."

Ta tura mu gwaje-gwaje. Da sakamako ya fito, sugan ya daɗe a sama, jininsa ya hau, ƙodar ta fara yoyo, bayan idanunsa ya fara zubar da jini. Duk waɗannan suna ta tafiya a hankali cikin shekarun da ake ce mana madalla. Ciwon ƙafar kuma ya kai ƙashi. Likita ta zaunar da mu ta ce in ana son ransa sai an yanke ƙasa da gwiwa.

Baffanki ya miƙe tsaye. Ya ce, "Da ƙafa biyu Allah Ya halicce shi, da biyu zai koma. Watan jiya aka ce mana lafiyarsa lau, yau a ce a yanke?" Babanki bai yi musu da yayansa ba, bai taɓa yi ba. Ni kuma ba a tambaye ni ba. Aka dawo da shi, aka kai shi wurin wani mai magani a ƙauye, aka yi ta shafe-shafe da turare. Zazzaɓi ya rufe shi, ya fara kiran sunayen mutanen da suka daɗe da rasuwa. Da aka mai da shi Birnin Kebbi, sama da gwiwa aka yanke.

Kada ki riƙe Baffanki a zuciya. Na riƙe shi wani lokaci, daga baya na gane. Mutumin da aka yi shekaru ana ce masa komai daidai, ba zai yarda da mummunan labari a safiya ɗaya ba. Gaskiyar da aka ƙi faɗa kaɗan-kaɗan ita ce ta faɗo mana gaba ɗaya. Tun ranar farko ki gaya wa mai ciwon abin da suga ke yi wa ƙafa da ido da ƙoda. Ki faɗa a gaban wanda maganarsa ke da nauyi a gidan, yaya ne ko miji ko uwa, don ranar yanke shawara shi za a saurara, ba ke ba.

Sauran kin ga wani ɓangare. Kin ga yadda ya koma zaman zaure kan buzu, da sandunansa jingine da bango. Abin da ba ki gani ba shi ne lokacin dashe, yadda yakan sa a buɗe ƙofar zaure ya yi ta sauraron mashinan da ke wucewa zuwa fadama, yana faɗin sunan mai kowane daga ƙararsa. Gonar Baffanki ya karɓa yana nomawa. Idanun suka dushe. Alƙur'aninsa mai manyan baƙaƙe ya gagare shi, sai abin da ke kansa yake maimaitawa. Kin tuna hutun da kika zo kika durƙusa gabansa ya kira ki da sunan ƙanwarki? Kin yi dariya kin ce Baba ya fara tsufa. Bayan kin tashi ya ce mini, "Inuwa kawai na gani. Kada ki gaya mata." Daga nan jiki ya fara kumbura, fitsari ya ragu, abinci ya daina zama. Ya rasu da bazara, da walaha, ina riƙe da kofin ruwan da ya ce in kawo. Kin iso an riga an kai shi.

Bayan na fita takaba, wata ranar kasuwa na ci karo da Malam Sahabi a bakin titi, inda 'yan kabu-kabu ke tsayawa. Shi ba ɗan garin nan ba ne, da mashin yake zuwa aiki ya koma. Ya russuna ya gaishe ni da fara'arsa ta kullum.

"Malama, ina Baba? Ya guje mu. Ko ya sami asibitin da ya fi namu ne?"

Na tsaya ina dubansa. Na daɗe ina shirya abin da zan gaya wa mutumin nan ranar da na gan shi, sai ga shi bai ma san an yi rasuwa ba. Na gaya masa komai a tsaye, tun daga ƙafa har zuwa ƙoda. Ya cire hula. Ya nemi bakin kwalbati ya zauna, mutane suna wucewa suna kallonmu.

Ya ce, "Malama, wallahi an koya mana duba ƙafa a makaranta. Na sani. Amma ni kaɗai ne, benci cike, kowa yana son ya koma gona. Kuma tunda na fara aikin nan ba a taɓa tambayata ƙafa nawa na duba ba, ko ido nawa na tura a gani. Mutum nawa suka zo, mutum nawa aka ba magani, shi ke nan."

Na ce, "To wanda ya daina zuwa fa?"

Ya juya hular a hannunsa. Can ya ce, "Sai ya fita daga lissafi."

Na kasa zaginsa. Na ce Allah Ya yafe mana baki ɗaya, na wuce ban sayi abin da ya kai ni ba.

Wannan ita ce maganar da ta fi tsaya mini, Uwani. Asibitin bai rasa komai ba da mutuwar Babanki. Wani ya zauna a wurinsa kan benci, adadi bai ragu ba, wataƙila ma an sake tafa musu. Wanda aka yanke wa ƙafa ba ya iya zuwa. Wanda ya makance ba ya ganin hanya. Wanda ya mutu ba ya ɓata wa kowa lamba. Masu ƙarfin zuwa ne kaɗai ake gani, sai a ce aiki yana kyau. In kina son sanin gaskiyar aikinki, ki nemi waɗanda suka ɓace. In dattijon Dangoma da ya saba zuwa ya yi wata biyu ba ki gan shi ba, ki tambayi mutanen garinsu da ke kan benci. In da waya ki kira. In an ce ya rasu, ki tambayi yadda ya rasu, ki jure ki ji.

Na san ba za ki gyara duniya ba. Za ki iske abin awo ya lalace, za ki iske na gaba da ke yana son adadi mai daɗin ji, ke kuma sabuwa ce, mace, ƙarama. Ki ba su adadin da suka nema, na gaskiya, kada ki ƙara ko mutum ɗaya. Kada ki yi wa na gaba da ke rashin kunya. Amma in abu ya lalace ki faɗa, gobe ki sake faɗa, har a gaji da ke. Ranar da manya suka zo aka ce ki zaɓo wanda za a nuna musu, ki nuna musu har da wanda ciwonsa ya ƙi warkewa. Wataƙila ba za a so ki ba saboda haka. Wataƙila layinki ya fi na kowa jinkiri, a yi ta gunaguni a waje. Ban ce miki zai yi daɗi ba. Wasu ma duk abin da kika yi sai sun rasa ƙafar, wasu sai sun mutu, don ciwon ba ya jin roƙo kuma talauci yana taya shi. Ranar da haka ta faru kada ki ce aikin banza kika yi. Ki yi kukanki a ɗakin Gwaggonki, gari ya waye ki koma.

Saura magana ɗaya, ita ce ta fi yi mini wuyar rubutawa.

Tun kafin azumin da ya wuce na fara jin ƙishirwar da na sani. Ban tsaya jiran kowa ya gaya mini ba. Ranar da na ce muku zan je gaisuwar rasuwa Birnin Kebbi, asibiti na je. Ina da shi. Ina shan magani, na rage tuwo, na bar fura da suga. Idona an duba, an ce da saura kafin ciwon ya kai gare shi. Amma 'yan watannin nan yatsun ƙafata sukan yi mini kamar ana tsira musu ƙaya, wani lokaci kuma kamar auduga nake takawa. Likitan can ya ce in ƙwayoyin ba su riƙe ba za a koma allura. Ba wanda ya sani, ko Gwaggonki. Na bari sai kin tafi ne don na san halinki, da kin ji da kin kwance jaka kin ce ba inda za ki.

Kada ki dawo. Na hana ki, kuma kin san ban cika hana ki abu ba. Kalgo ba nisa gare ta ba, in wani abu ya taso za a kira ki. Ƙannenki suna nan, ni kuma ba kwance nake ba. Ina tsoro, ba zan ɓoye miki ba, don na ga hanyar nan tun daga farkonta har inda ta ƙare. Amma zamanki a gida ba zai rage mini tsoron ba, sai dai ya ƙara mini baƙin cikin na tsare ki.

Abu ɗaya nake roƙo. In kin kira ni a waya kika ce, "Inna, ya jiki?" zan ce miki da sauƙi. In kin zo Sallah kika tambaya, zan ce da sauƙi. Haka uwata ta ce mini ana gobe za ta rasu, kuma ni ma bakina bai iya wata amsa ba, balle ga 'yar fari. Kada ki karɓa. Ki ajiye kunyar da na koya miki, ki zauna kusa da ni, ki sake tambayata har sai na faɗa miki gaskiya. Na ba ki izini tun yanzu, don ranar ba zan iya ba ki ba.

Ki riƙe salla a kan lokaci ko da layi ya kai bakin titi. Ki ci abinci kafin ki fita. Ki taya Gwaggonki aikin gida, kada ki zauna mata kamar baƙuwa. Ki gaishe ta da maigidanta da yara.

Allah Ya jiƙan Babanki, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa ciwon da ya sha ya zame masa kankarar zunubi. Ke kuma Allah Ya tsare fitarki da shigarki, Ya ba ki ido mai gani da zuciya mai jurewa, Ya sa kada wani gida ya yi kuka ta dalilinki. Na yafe miki duniya da lahira. Na bar ki a hannun Wanda ajiyarSa ba ta ɓata.

Wassalam.

Mahaifiyarki.